Yadda Na Sayi Kujera a Teburin Wata Dattijuwa a Salvador

Aikin rogo ne ya kai ni Brazil a 2024. Akwai cibiyar binciken rogo ta Embrapa, hukumar binciken noma ta ƙasar, a garin Cruz das Almas na jihar Bahia, can aka tura mu samun horo tare da wasu daga ƙasashen Afirka. Ranakun aiki muna gona da ɗakin gwaji, ƙarshen mako kuma mai ƙarfi ya hau bas ya gangara Salvador, babban birnin jihar. Abinci kuwa kusan kullum a irin gidajen nan da ake auna faranti: ka zuba abin da ranka ke so, a ɗora a sikeli, ka biya gwargwadon nauyi. Ba laifi, akwai tsafta da araha. Amma ni kullum shinkafa da salak da soyayyen kifi, don duk tukunyar waken da na leƙa sai na hango wani jan abu yana yawo a ciki, kuma babu wanda zai ba ni amsar da zan gamsu.

Wata 'yar Mozambik da muke ɗaki ɗaya ce ta gaji da ganin farantina, ta nuna min wata manhaja a wayarta. Masu girki a gidajensu ne ke tallar teburinsu: ga abin da za a dafa, ga rana da lokaci, ga adadin kujeru, ga kuɗin kowace. Ka zaɓa, ka biya, ka je gidan mutumin da ba ka taɓa gani ba, ka zauna da wasu da su ma ba su san juna ba, a ci a tashi. Irin waɗannan manhajoji suna da dama, EatWith ta fi suna, Airbnb ma tana da sashe mai kama da haka. Hujjarta ita ce, a gida da mai girkin kanta za ki yi magana tun kafin ta ɗora tukunya.

Hujjar ta shige ni, amma abin bai kwanta min ba. Sayar da abinci daga cikin gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A unguwarmu a Zariya na tashi na ga matan aure suna sayar da ɗanwake da waina ba tare da sun leƙa ƙofar gida ba; a aiko yaro da kwano da kuɗi, a zuba masa ya tafi. Wannan ciniki ne, kowa ya san matsayinsa. Baƙo kuma daban. Wanda aka shimfiɗa wa tabarma aka kawo masa ruwa, in ya sa hannu a aljihu bayan ya ci, ai ya zagi masu gida. To ga tsarin da ya gwama biyun: ki biya, sannan a tarbe ki da maraba. Na rasa da wace fuska zan shiga. In gishiri ya yi yawa, zan yi magana don na biya, ko zan haɗiye don ina gidan mutane?

Maigidana da na faɗa masa a waya, tambaya ɗaya ya yi ta maimaitawa: "Gidan wa? Wa ya san su?" Na ce manhajar ta san su, ga kuma bayanan waɗanda suka riga ni zuwa. Ya ce manhaja ba dangin kowa ba ce. Daga ƙarshe muka daidaita a kan zan kunna masa inda nake a WhatsApp tun daga fita har dawowa, shi kuma ya haƙura da barci, don Najeriya tana gaban Bahia da awa huɗu.

Yawancin teburan Asabar feijoada ce, abincin da duk Brazil ke tinƙaho da shi: baƙin wake da aka dafa da kunnen alade da ƙafarsa da jelarsa. Wannan ko kallo. Masu gashi ma na tsallake su, don a kan raga ɗaya ake gasa naman sa da na alade. Sai na faɗo kan wani tebur na daren Juma'a, kujera bakwai, a wata tsohuwar unguwa kusa da Santo Antônio. A Salvador Juma'a ce ranar abincin manja da kifi. A hoton wata dattijuwa ce baƙa da farin ɗankwali, riƙe da tukunyar ƙasa. Na bi bayanan waɗanda suka ci a gidanta ina neman masu ƙorafi, don yabo kowa ya iya. Ƙorafin da na samu shi ne barkono ya yi yawa, matattakalar gidan kuma tana da tsayi. Na ce wannan gidan nawa ne.

Kafin biya akwai wurin aika saƙo. Na rubuta, Google ya juya zuwa yaren Fotugal, 'yar Mozambik ta gyara. Ita ce ta hana ni rubuta "ba na cin nama" kawai, don a Brazil in ka ce nama, na sa mutane ke ji, sai a kawo maka wake da guntayen alade da zuciya ɗaya. Sai da muka jera su: alade, kitsensa, wanda aka ɗura a hanji, romon da aka dafa da shi, sannan giya ko a miya ko a kayan zaƙi. Naman sa da kaza kuma na ce a bar ni da kifi. Brazil ce kan gaba a duniya wajen fitar da kajin halal zuwa ƙasashen Musulmi, amma wancan na jirgi ne, na mahautan unguwa ba ka san wanda ya yanka ba. Akwai malaman da suka sauƙaƙa kan yankan Ahlul Kitabi, ba na kuma ganin laifin wanda ya bi su. Ni dai hankalina ya fi kwanciya da kifi.

Akwai tambayar da na yi ta juyawa kafin na aika. Yawancin abincin manjan Bahia yana da alaƙa da Candomblé, addinin da bayi daga ƙasar Yarbawa da Dahomey suka zo da tushensa. Ƙosansu, alal misali, shi ake miƙa wa Iansã, ɗaya daga abubuwan bautar addinin, wadda Yarbawa ke kira Oya. Ban so in ci abin da aka ambaci sunan wani a kansa ba, ban kuma so in ci fuskar tsohuwa ba. Na dai rufe ido na tambaya.

Jikarta ce ta amsa, ita ke riƙe da shafin. Babu alade a girkin Juma'a, giya tana kan tebur ga masu so, ba ta shiga tukunya. Abincin bauta kuma a gidan bauta ake dafa shi, akwai matar da aikinta ke nan. Kakarta 'yar Katolika ce, nata girkin na ciki ne kawai. Sai ta tambayi daga ina nake. Na ce Najeriya, Bahaushiya. Washegari wani saƙon ya shigo: kaka ta ce da gaske kike? Ta ce za ta ƙara wani abu da ba ya cikin jerin.

Kujerar real 180 ce a kuɗin Brazil, har da kason manhaja. Katin naira a lokacin ba ya aiki a ƙetare, 'yan ƙasar kuma komai da Pix suke biya, tsarin tura kuɗi nan take da babban bankinsu ya ƙaddamar a 2020, wanda sai kana da asusu a can. Wani abokin aiki ne ya biya min da katinsa na ba shi tsaba. Sai da kuɗin ya shiga adireshin gidan ya bayyana, kafin nan unguwar kawai ake nunawa.

Ranar na yi magariba a masauki na kira Uber. A hanya mutane da yawa cikin fararen kaya, al'adar Juma'a ce a garin. Motar ta hau wani lungu mai daɓen duwatsu ta ajiye ni gaban wani siririn gida. Babu ƙararrawa. Direban ya leƙo ta taga ya tafa hannu, ya nuna min in yi haka. Sallamarsu ke nan, ka tsaya a bakin ƙofa ka yi tafi. Na yi tafin, a ƙasan maƙoshi kuma na yi tawa sallamar.

An rubuta ƙarfe bakwai, bakwai ɗin na isa. Ba kowa, ko teburin ba a gama shiryawa ba. Jikar ta buɗe tana dariya, ta ce a Bahia bakwai lokacin shiga wanka ne. Kai tsaye aka wuce da ni kicin.

Babbar mace a can ana sa mata Dona kafin sunanta, to Dona zan kira ta. Ta goge hannu ta rungume ni, ta sumbaci kumatuna hagu da dama tana "minha filha", wato 'yata. Maigidanta, dogon tsoho da ya yi ritaya daga aikin tashar jiragen ruwa, ya taso shi ma da hannu a buɗe, sai ya tuna gargaɗin jikarsa, ya ja birki, ya dafa ƙirji ya rusuna har kusan ƙasa. Na dafa nawa. Na miƙa wa Dona tsarabar turaren wuta, ta sansana, ta ce sai baƙi sun tafi za ta kunna, kada ya yi kishiya da ƙamshin miya.

Moqueca ce babbar tukunyar daren. Tukunyar ƙasa ce baƙa, mai faɗi, marar zurfi, daga Maragogipinho, ƙauyen da ya yi suna da ginin tukwane. Kifin daga kasuwar São Joaquim aka sayo shi da safe, tun rana ta jiƙa shi da lemon tsami da tafarnuwa da gishiri. Ba ta soya komai ba, jerawa ta yi: albasa yankan zobe a ƙasa, tumatir, tattasai kore da ja, gunduwa-gunduwar kifi, sannan wani layin albasa da tumatir ya rufe shi. Ta kwarara madarar kwakwar da ta tace da hannunta, ta zagaya da manja, ta watsa wani ganye mai ƙarfin ƙamshi da suke kira coentro, ta rufe. Ludayi bai shiga tukunyar ba ko sau ɗaya. In tana so romon ya zagaya, sai ta kama bakin tukunyar da tsumma ta girgiza. Na ce a gidanmu da an fara soya manjan da albasa har ya daina ɗanyen wari. Ta ce manjan da ya ƙone ya mutu. Nata daga wajen Valença ake kawo mata, kudu da Salvador, inda ake noman kwakwar manja da aka kawo irinta daga Afirka ta Yamma.

A murhun baya akwai wata tukunya da ta hana ni buɗewa sai da ta kira tsohon ya zo ya tsaya. Ta ɗaga murfin. Shinkafa ce ta dahu luguf, ana jiran a tuƙa. Ta ce sunan abincin arroz de hauçá, shinkafar Hausawa, kakarta ce ta koya mata, kuma duk tsawon rayuwarta ta ɗauka sunan shinkafa ne kawai. Ba ta san akwai mutanen da ake kira haka ba, masu rai, da garuruwansu, har ɗayarsu za ta biya kuɗi ta intanet ta shigo mata kicin.

Na karɓi ƙaton cokalin katakon da ke hannunta, na ce ta rage wuta. Na danne tukunyar da tsumma na fara tuƙi, ina murƙushe shinkafar a jikin tukunya ina juyowa. Dona ta yi tsit tana kallon hannuna, sannan ta buɗe kabad ta miƙo min garin shinkafa ba tare da na tambaya ba. Na barbaɗa na ɗaure shi. Ta ce haka kakarta ke yi, da ƙarfi har ya tsaya da kansa. 'Yan yanzu ne ke barinsa ruwa-ruwa suna cika masa madarar kwakwa. Tuwon shinkafa ne, babu tantama. Bambancin a kwashewa ne: maimakon malmala, ta zuba shi a kwano mai rami a tsakiya ta kife a faranti, ta cika ramin da busasshen naman sa mai gishiri da aka jiƙa aka yayyaga aka soya da albasa. Nawa ta ware daban, ba nama, sai miyar busasshen jatan lande da barkono da manja.

Baƙin suka fara isowa bayan bakwai da rabi: mata da miji daga São Luís a jihar Maranhão, wasu tsofaffin Jamusawa biyu, wani saurayi ɗan Ajantina mai yawon ƙasashe da jaka a baya, da wata ma'aikaciyar jinya daga São Paulo. Rabin awar farko ba daɗi, kada hotunan manhaja su ruɗe ku. Kowa ya riƙe kofi yana murmushin dole, ana ta tambayar da ba a damu da amsarta ba. Tsohon ya haɗa musu caipirinha, giyar rake da lemon tsami da sukari, ni aka ba ni ruwan cajá, wadda muke kira tsadar Masar.

Ƙosai ne ya sassauta mutane. Acarajé suke ce masa. Waken nan namu ne, a surfe, a markaɗa da albasa, a buga ƙullun har ya tashi, amma a manja ake soyawa, kuma kowane ya kai dunƙulen hannu. Sai a tsaga shi a ɗura masa vatapá, wani haɗi mai kauri na burodi da gyaɗa da kashu da citta da jatan lande da madarar kwakwa. Matan da ke soya shi a titunan Salvador cikin faffaɗan fararen buje, tun 2005 hukumar adana al'adun Brazil ta sa sana'arsu cikin gadon ƙasa. Na Dona ya yi daɗi, ɓawonsa ƙaras-ƙaras, amma ya yi nauyi. Biyu ka ci, ka gama da abincin dare. Namu mai attaruhu a cikin ƙullu ya fi shi sanin ya kamata. Alalensu kuwa, abará, da aka turara a ganyen ayaba, ban ga abin gyarawa ba. Ana tambayar kowa mai zafi ko mai sanyi, ma'ana da barkono ko babu. Ɗan Ajantina ya ce mai zafi don kada a raina shi, ya yi ta share hawaye, daga nan dariya ta ɓarke kowa ya saki jiki.

Mu an raine mu a kan ba a surutu kan abinci, wanda ya cika magana da loma a baki santi yake. A teburin nan kuwa maganar ita ce rabin abin da aka biya. Dona ta sa kowa ya faɗi sunansa da abincin da uwarsa ta fi iyawa. Dabarar wadda ta daɗe tana tara baƙi ce: ba wanda zai rasa amsa, ba kuma wanda zai yi faɗa a kai. Da na kwatanta miyar yakuwa, matar São Luís ta buga tebur ta ce ai ganyensu ne, da shi suke haɗa shinkafar da garinsu ya yi suna da ita. Jikar tana ta fassara har abincinta ya huce.

Aka kawo moqueca tana ci gaba da tafasa a tukunyarta. A gefe akwai pirão, romon kifin da aka dama da garin rogo har ya yi kauri, da farofa, garin rogon da aka soya a manja da albasa. A nan aikina ya motsa. Na ɗebi ɗanyen garin a tafin hannu: fari, mai laushi, ba tsami ko kaɗan. Tsohon ya ce na Copioba ne, daga wajen garin Nazaré, wanda bai ci shi ba bai ci gari ba. Namu garin kwaki ana barin gogaggen rogon a buhu 'yan kwanaki ya yi tsami kafin a soya, su kuwa matsewa suke yi su soya ba jira. Mutanen Maranhão suka ce nasu na jiƙo, mai tsami da ƙwari, shi ne gari. Gardama ta kaure tsakanin 'yan ƙasa ɗaya. Ni da ƙasata ta fi kowace noman rogo a duniya, kusan tan miliyan 60 a shekara, wajen ninki uku na Brazil, na zauna ina sauraron waɗanda daga wurinsu shukar ta fito.

Kowa da cokali mai yatsu da wuƙa yake ci, har shinkafa. Da aka zo kan tuwon na kasa, na tashi na wanke hannu. Tsohon ya dube ni, ya ajiye nasa cokalin, ya dunƙula farofa da pirão da yatsu, ya ce haka uwarsa ke ba shi a baki. Shi ne kuma ya ɗauko tarihin. Ba a makaranta ya koya ba, a Malê Debalê ya ji shi, ƙungiyar kiɗan bikin Carnaval da aka kafa a 1979 a unguwar Itapuã, wadda ta samo sunanta daga Musulmin Afirka da suka yi tawaye. Abin da ya faɗa ya dace da abin da na karanta daga baya. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin Shehu Usmanu a 1804 sun samar da kamammu daga kowane ɓangare, aka yi ta gangarawa da su kudu hannu zuwa hannu har bakin teku, inda jiragen Bahia ke jira da tabar musaya. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen Hausawa a Salvador kafin ya tashi. A 1814 suka tashi da gaske, suka ƙone wuraren kamun kifi a Itapuã ɗin nan. Mafi girma shi ne na 25 ga Janairun 1835, a ƙarshen Ramadan, mutum wajen 600 cikin fararen riguna, yawancinsu Yarbawa Musulmi, Hausawa kaɗan ne a ciki. Cikin 'yan awanni aka murƙushe su. A jikin gawarwaki da gidajensu aka samu layu da alluna da takardu da rubutun Larabci, wasu har yau suna gidan adana takardun tarihi na jihar. Bayan haka aka kori 'yantattu da yawa, wasu suka tattara da kansu suka koma Legas, da Ouidah da Porto-Novo na Jamhuriyar Benin ta yau, kuma irin waɗannan masu komowa sun taka babbar rawa wajen yaɗa sarrafa rogo zuwa gari a gaɓarmu.

Manuel Querino, baƙar fata ɗan Bahia da ya rasu a 1923, ya rubuta yadda ake dafa shinkafar: a ruwa ba gishiri, a tuƙa da cokalin katako har ta haɗe, a ɗaure da garin shinkafa. Haka muke yi, ba ragi ba ƙari. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, a makaranta mun haddace sunayen masu tuta da shekarun yaƙoƙi, ba malamin da ya taɓa ce mana ga inda waɗanda aka kama suka ƙare, ko wa ya karɓi kuɗinsu. Bajamushiyar ta tambaye ni ko ina jin na dawo gida. Na ce a'a. Gidan Dona ne, tuwon ma nata ne, kakanninta ne suka riƙe shi shekara ɗari biyu.

Bayan alewar kwakwa da ɗan kofi mai zaƙi ƙwarai, na tattara faranti na bi ta kicin. Ta kore ni, na ƙi fita, ta haƙura ta miƙo min soso. A nan, jikar tana tsakani, na tambaye ta abin da ke cina tun farko: ba ta jin nauyin karɓar kuɗi a hannun wadda ta kira 'yata? Ta ce ita ba ta taɓa karɓar kuɗi a hannun kowa ba. Kuɗin wayar yarinyar nan yake shiga, kwanaki kafin ta ga fuskar mutum, wanda ya hau matattakalarta kuwa ya riga ya zama baƙo. Ta yi shekaru tana dafa wa yara abinci a makarantar gwamnati, fanshon ba ya kaiwa ƙarshen wata, ga maganin hawan jinin tsoho. Ranar Lahadi ƙofar a buɗe take ga maƙwabta da 'yan coci, ba manhaja ba ko sisi, kuma Juma'ar ce ke ɗaukar nauyin Lahadin.

Na yi lissafi a raina. Kujera bakwai real 1,260 ke nan, a shekarar da mafi ƙarancin albashi a Brazil yake real 1,412 a wata. A cire kason manhaja, a cire kifi da jatan lande da gas, da wuni guda a tsaye ga mace mai shekara saba'in da ɗoriya. Abin da ya rage ba dukiya ba ce, amma ya fi ƙarfin a raina. Na kuma lura masu tsara abin sun san inda kunyar take, shi ya sa suka ɗauke kuɗin daga teburin gaba ɗaya. Ba a kawo takardar lissafi, ba a neman canji, ba wanda ya sa hannu a aljihu. Duk da haka ba zan ce daidai yake da baƙuncin da aka yi maka don Allah ba. Goma da rabi na cika jikar ta fara tattara kofuna, kowa ya gane lokacin da aka saya ya ƙare. Zauren WhatsApp ɗin da ɗan Ajantina ya buɗe mana a daren, bayan an gama tura hotuna bai sake motsi ba.

Dona ta cika min tsohuwar robar bota da sauran tuwon da miyarsa, ta ɗaure a leda, ta tsaya a ƙofa har motar ta zo, ta duba lambar da kanta. Maigidana idonsa biyu, uku saura na dare a can gida.

Washegari manhaja ta turo min in ba da taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Wannan matakin har yanzu banbaraƙwai nake jinsa, a ce in zauna in ba matar da ta girmi uwata maki. Na ba da biyar, na bar maganar nauyin ƙosai a cikina. A wurin sharhi na rubuta abin da zai amfani Musulmin da zai zo bayana: a yi tambaya tun kafin biya, a jera abubuwan da sunansu, a zaɓi Juma'a a bar Asabar, akwai giya a tebur ga wanda hakan zai dama, akwai kuma ɗaki mai tsafta in sallah ta kama. Ashe ita ma ana ba ta damar yin sharhi a kan baƙo. Jikar ce ta rubuta, amma maganar ta Dona ce: baƙuwa ce mai hankali, tana cin barkono, ta iya tuƙa shinkafa, tana wanke kwano, aibinta ɗaya, in an ce mata bakwai, bakwai take zuwa.